Zarton da Na Sa wa Kayan Kwamfutar Malam

Ko duk abin da ke kaina zai zube, ba zan taɓa mantawa da yammacin da na fito zaure da ƙullin hankici a hannu ba, ina taku ɗaiɗai kamar wadda ta sauko daga jirgin Makka, dattawa bakwai na zaune suna jirana. Ni ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba, don haka 'yata Talatu ce ke riƙe da biro, ni ke faɗa. Ta ce a dubu biyu da takwas abin ya faru. Ni abin da na sani, shekarar da Malam ya rasu ce, Allah Ya jiƙansa. Tun daga ita ba na auna lokaci da wani abu.

Malam tsohon hedimasta ne. Ya koyar a Shira, ya koyar a Yana, ya dawo nan Azare ya ajiye aiki, gwiwoyi suka zaunar da shi. Sai ɗanmu na fari, wanda ba na kama sunansa, mai aiki a Bauchi, ya kawo masa kwamfutar cinya, wai ya riƙa rubuce-rubuce kada zama ya ishe shi. Baƙa ce, mai nauyi kamar dutsen niƙa, tana fitar da iska mai zafi ta gefe. Ashe irin wadda aka ƙera don wasa ce. A cikinta akwai wasan ƙwallo, ga wasu 'yan hannaye biyu masu igiya da ake dannawa. Rubutu dai, ko layi ɗaya Malam bai yi ba.

Abokinsa Alhaji Bukar, tsohon dillalin shanu da ya taso daga Misau, shi ya zama abokin ɓarna. Kullum aka sallame la'asar suna zaure. Mutum biyu masu furfura, masu jikoki, ka ji su:

"Buga mana! Kai wannan mai tsaron gidan makaho ne?"

"Malam, ba na son ha'inci, ka taɓa mini hannu!"

Ni kuwa ina tsakar gida ina mita. Akwatin shashanci nake ce mata. Na sha faɗa wa Malam cewa wata rana zan jefa ta a rijiya in huta. (Rubuta haka, Talatu. Na faɗa, Allah Ya ji ni, ban da abin ɓoyewa.)

Malam yana da wata ƙungiya a cikin wasan, ya yi watanni yana renonta kamar ɗan maraƙi, har ta kai wasan ƙarshe na cin kofi. Daidai nan kwamfutar ta fara gardama. Ɗan wasa zai ɗaga ƙafa zai buga, sai ya tsaya cak kamar shamuwa a fadama. Kafin ya motsa, an zura wa Malam ƙwallo. Ya ce ba zai buga wasan kofi a haka ba. Ya ɗauke ta ya kai shagon Emeka, mai sayar da kayan kwamfuta a bakin kasuwa, wanda ya zo garin nan daga kudu tun Talatu ba ta yi aure ba.

Da ya dawo ya zaunar da ni, da yake shi malamin makaranta ko matarsa ce sai ya koyar. Ya kife kwamfutar, ya kwance wata 'yar ƙofa a ƙasanta, ya nuna mini wani ɗan gurbi da babu komai a ciki.

"Kin ga nan? Wani abu ake sakawa, ram sunansa. Kamar tabarmar shanya ce. In tabarma ta yi kaɗan, sai a shanya hatsi kashi-kashi, aiki ya yi ta jira. In aka ƙara tabarma, sai a baza komai lokaci ɗaya."

Na ce, "To a ƙara mana, in hakan zai sa ku rage ihu."

Ya yi dariya, ya rubuta irin wanda ake so a 'yar takarda, ya sa a aljihun rigarsa, ya ce Juma'a zai koma. Ranar Laraba ya kwanta. Asabar da hantsi aka fita da shi ta wannan zauren. (Dakata kaɗan, Talatu. Miƙo mini ruwan nan.)

Wata huɗu da kwana goma na takaba, mutane sun ɗauka kaɗaicin ɗaki ne ya fi cina. A'a. La'asar ce. Da an sallame sai kunnena ya tafi zaure da kansa, yana jiran wani ya ce mai tsaron gida makaho ne. Shiru. Alhaji Bukar kan tsaya daga ƙofa ya yi sallama, ya ce, "Hajiya, ya ƙarin haƙuri?" Muryarsa ta karye, ya wuce. Ihun da na yi shekara biyu ina tsine wa, shi na koma nema kamar ruwa.

Da na fita takaba, ɗanmu na farin ya zo ya ce zai koma da kwamfutar Bauchi.

"Inna, ba ta aiki yadda ya kamata, ƙura kawai take sha."

Na ce ba inda za ta. Za a gyara, kuma Alhaji Bukar zai ƙarasa wa Malam wasansa a zauren nan.

Ya dube ni irin kallon da 'yan boko ke yi wa uwarsu. Ya ce, "To, Asabar ta ƙarshen wata zan dawo. In tana nan yadda take, zan tafi da ita." Na san in ta fita, zauren nan ya rufu ke nan har abada.

Nan ne girman kai ya shigo. Da na aiki Talatu da takardar, da magana ta ƙare. Amma ni ce fa. Shekara arba'in ina sayar da man gyaɗa da ƙuli. Malam ya sha faɗa gaban mutane cewa karatu nasa ne, kasuwa tawa ce, ba a taɓa cutata ba. 'Ya'ya bakwai na saya wa takalma, ban taɓa kai yaro kasuwa ba: in auna ƙafarsa da tsinken tsintsiya, in karya daidai, in je in sayo wanda ya ɗara tsinken, in cusa tsumma a gaba. Yadi kuwa kullum da ƙari nake saye, tela ya rage. A duk rayuwata ban taɓa yin asara don na sayi abu ya yi yawa ba.

Saboda haka na kife kwamfutar, na kwance 'yar ƙofar yadda na ga Malam ya yi, na auna gurbin da tsinke, na karya daidai. Na ciro takardar daga aljihun rigarsa, rigar da har yau ban bari an wanke ba. Na yafa mayafi na nufi kasuwa, ban gaya wa kowa ba.

Emeka na ganina ya miƙe tsaye, ya ba ni kujerarsa. Hausa a bakinsa ta fi ta wasu jikokina.

"Mama, sannu da haƙuri. Wallahi Malam uba ne a wurina."

Na miƙa masa takardar. Ya duba, sannan ya jawo wata durowa a ƙarƙashin teburi, ya ciro tsohon ambulan duk ya yamutse. Ya zazzago wani ɗan abu kore mai haƙoran zinare kamar mataji, tsawonsa bai wuce ɗan yatsana ba.

To, ni 'yar kasuwa ce. Na san abin da ake ajiyewa a ƙarƙashin teburi: kwantai. Na kuma ɗaga ido na ga akwatin gilashi, ga irinsa nan a jere, dogaye, kowanne cikin rigarsa ta roba yana ƙyalli. Sai zuciyata ta ce, kin gani ko? An fara.

Na ce, "Waɗancan fa?"

"Na kwamfutar tebur ne, Mama. Taku ta cinya ce, gajere take ci."

"Ƙarfinsu ɗaya?"

"Wannan giga biyu, wancan giga biyu. Ɗaya ne."

Ban san mene ne giga ba, har gobe ban sani ba, amma biyu da biyu na san daidai suke. Na tambayi wanda ya fi tsada. Ya ce gajeren. Jama'a, ku duba mini. Ga dogo, sabo, cikin roba, mai sauƙi. Ga guntu, cikin tsohon ambulan, mai tsada. Kuma Malam da bakinsa ya ce tabarma ce. Wace mahaukaciya ce za ta bar doguwar tabarma ta ɗauki guntuwa?

"Ba ni dogon."

"Mama, ba zai shiga ba. Wannan ɗin da kike gani, Malam..."

Na ɗaga masa hannu. "Kul! Kada ka sa sunan Malam a cikin ciniki. Don kun ga mijin ya mutu, shi ne kowa zai kwaso ragowar shagonsa ya liƙa mini? Kai dai sayarwa ce taka. Shiga kuma ka bar mini."

Da ƙarfi na faɗa, har mai shagon kusa ya leƙo. Emeka ya dube ni, ya haɗiye maganarsa, ya mayar da guntun cikin ambulan. Ya ɗauko dogon ya ba ni da hannu biyu.

"To Mama. In bai yi ba, ki dawo da shi yadda yake. Yadda yake fa, Mama. Ranar Asabar ni da kaina zan zo in duba."

Na fito ina jin na rama wa duk wata mace da mijinta ya mutu a ƙasar Katagum.

A gida na ɗora tsinkena a kai. Abin ya ninka tsinken sau biyu, kusan cif. Wani zai tsorata. Ni murna na yi. Na ce ashe biyu na samu a ɗaya, shi ya sa ɗan nan ya so ya hana ni. Na buɗe akwatin kayan aikin Malam na ɗauko ƙaramin zarto. Na kife turmi, na ɗora abin, na yi alama da gawayi, na take gefe ɗaya da ƙafa, na yi bisimilla.

Yana da tauri, ba zan ɓoye ba. Sai da na yi gumi. Wani koren gari ya riƙa zuba, ɗaya daga cikin baƙaƙen ƙwayoyin da ke jikinsa ta yi tsalle, kaza ta bi ta da gudu. Da ya rabu biyu na ga bakin ya yi kaushi, sai na ɗauko dutsen da nake goge dunduniya na bi shi a hankali har ya yi santsi. Na gwada da tsinke. Daidai, ko gashi bai ɗara ba. Amma ban saka da kaina ba. Na ce wannan aikin masu ilmi ne, ni mace ce da ta san iyakarta. (Talatu, in ba za ki daina dariya ba, ajiye biron in nemo wani.)

Ranar Asabar na dama kunun gyaɗa, na soya ƙosai. Alhaji Bukar ya gayyato duk majalisarsu, wai a zo a ga an ɗaukar wa Malam kofi. Aka aro janareta saboda halin wuta. Na farin ya iso daga Bauchi da jakar da zai saka kwamfutar, ya ajiye ta inda zan gani. Emeka ya zo da 'yan kayan aikinsa, ya cire takalmi ya zauna a gefen tabarma. Talatu na bayan ƙyaure.

Na fito na tsaya a bakin ƙofa, na gaishe su. Na kwance hankicin a hankali don kowa ya gani.

"Emeka, ga na sakawa, na rage maka aiki, na daidaita shi. Wannan kuma ragowar ce, a ajiye saboda gaba."

Emeka ya karɓa. Ya ɗaga ɗaya sama wajen haske. Ya ɗaga ɗayan. Ya haɗa bakinsu, ya raba. Ya ɗago ya dube ni.

"Mama... wa ya yi wannan aikin?"

"Ni ce nan."

Alhaji Bukar ya miƙa wuya, ya gyara tabarau, ya shafa bakin da yatsa. "Kai, madalla. Ko kafinta sai haka. Dubi santsi."

(Wannan ki rubuta shi da kyau, don yanzu yana yawo yana cewa shi tun farko ya gane. Ƙarya yake. Babu ko ɗaya cikin bakwai ɗin nan da ya gane. Biyu ma har kabbara suka yi.)

Na farin ne ya cire hularsa ya rufe fuska da ita. Daga cikin hular na ji muryarsa: "Inna. Zarto kika sa wa ram?"

"Ya yi tsawo."

Emeka ya ce, a hankali kamar mai gaya wa mutum rasuwa, "Mama, a cikin abin nan akwai hanyoyi da suka fi gashi siranta, ta nan wuta ke bi. Kin datse su duka. Ba zai ƙara aiki ba. Ko wannan, ko wancan."

Can wani tsoho da ke kusurwa, tsohon malamin asibiti, ya gyara murya. "Wato dai, kamar baƙo ya yi wa gado tsawo, sai a rage masa ƙafafu."

Shi ke nan. Kamar an fasa tulu. Ɗaya daga cikinsu kunu ya sarƙe shi, ana bubbuga masa baya yana ci gaba da dariya. Alhaji Bukar, wanda yanzu ya gama yabon santsi, ya fi kowa, har da buga cinya. Wani ya ce, "Hajiya, rediyona ta yi wa taga faɗi, ko za a taimaka?" Wani ya ce a ɓoye kwamfutar kada ta yi wa teburi girma. A bayan ƙyaure kuma na ji 'yar da na haifa tana shessheƙa, ba ta kuka ba.

Na tsaya da hankici a hannu. Na tuna yadda na ɗaga murya a shagon mutumin nan. Na tuna har maƙwabciyata na je na gaya wa cewa na kama mai kwamfuta zai cuce ni. Fuskata ta yi zafi kamar na leƙa tanda. Amma ba kunyar ce ta karya ni ba. Gani na yi na farin ya jawo jakar nan kusa da shi, yana zuge zif.

Ban san lokacin da na faɗa ba, gaban maza, hawaye na zuba: "Ni ba kofi nake so ba. Ihun nan kawai nake so ya dawo gidan nan."

Dariyar ta mutu. Alhaji Bukar ya sunkuyar da kai.

Sai Emeka ya sa hannu a aljihun gaban rigarsa, ya ciro tsohon ambulan ɗin nan da ya yamutse. Ya miƙa wa na farin. "Duba rubutun da ke baya."

Yaron ya duba, ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "Hannun Baba ne."

"Shi ya rubuta irin wanda yake so a jikin ambulan ɗin, ya ce in sa a kawo daga Kano. Ya iso ranar Juma'a, Malam bai zo ba. Na sa shi a ciki na ajiye, na ce ba zan sayar wa kowa ba sai an gama takaba. Shi na so in gaya miki, Mama, kika ce kada in sa sunansa."

Kun ji. Kwantan da na ture da bayan hannu, zaɓin Malam ne na ƙarshe a duniya. Wata huɗu yana jirana a durowa, na je na zage shi, na zagi mai ajiyarsa, na dawo gida na yi aikin kafinta.

Saka shi bai kai ɗaurin ɗankwali daɗewa ba. Emeka ya karkata shi, ya danna, ya ce ƙas. Aka kunna. 'Yan wasan nan suka riƙa gudu sumul, babu mai tsayawa da ƙafa ɗaya. Alhaji Bukar ya naɗe hannun riga, ya ce, "Bismillahi, don aminina." Ya karɓi ƙungiyar da Malam ya yi watanni yana reno, aka lallasa shi ci biyar da nema.

Wani ya ce, "Kai Bukar, ka kunyata mamaci!"

"Ba ni ba ne, mai tsaron gidan nan makaho ne!"

Ina jin wannan kalmar na koma ciki, na zauna a kan turmin da na yi ɓarnar, na yi kukan da ban yi irinsa ba tun ranar jana'iza. Ina yi ina dariya, kaza na kallona. Na farin ya koma Bauchi da jakarsa babu komai a ciki.

Washegari na cika kwalba da man gyaɗa na kai wa Emeka, na ba shi haƙuri da irin muryar da na zage shi, don mai shagon kusa ya ji. Ya ce ya yafe, amma ya roƙi rabi ɗaya. Yana nan ya rataye shi da zare a shagonsa. Duk wanda ya zo yana gardamar dogo da gajere, sai ya nuna masa, ya ce wata baiwar Allah ce. Ba ya faɗin suna. Ba ya bukata. Matan unguwar nan Hajiya Injiniya suke ce mini, har da waɗanda ko kunna rediyo sai an yi musu. Ɗaya rabin yana cikin ambulan, ambulan na cikin aljihun rigar Malam.

Abin da na koya a tsufana, ba komai ne yadi ba, kuma ba duk abin da ke ƙarƙashin teburi ne kwantai ba. Na fita da shirin kama wanda zai cuci matar mamaci, na kuwa kama ta, da zarto a hannunta. Yanzu in mai kaya ya fara magana, sai na bari ya kai ƙarshe kafin in zage shi. Zarton kuma Talatu ta ɓoye, ta ƙi gaya mini inda yake.

Kofin dai har yau ba a ci ba. Ashe ana iya maimaita wasan, kuma kullum sai sun maimaita, kullum sai an ci su. Ni ina addu'a a ɓoye kada su yi saurin iyawa.

Ajiye biron haka, Talatu. An sallame la'asar, ga tarin Alhaji Bukar can a ƙofa. Je ki buɗe musu zauren.